Butros Gali, mai shiga tsakani: mun auna littattafansa biyu



Na san ka taɓa zama wurin da ake sasanta mutum biyu. Ka ga yadda dattijon da ke tsakani yake yi. Ya je ya ji ta bakin wannan, ya koma ya ji ta bakin wancan. Ba shi da dogari, ba shi da gidan kaso. Baki kawai gare shi, sai haƙuri. In an shirya, masu rigima ake yaba wa. In an tashi baram-baram, sai a ce dattijo ne bai iya ba.

Tsakanin ƙasashe ma akwai masu irin wannan aiki. Yau za mu duba ɗaya daga cikinsu, wani mutumin Masar mai suna Butros Butros Gali. Ya yi shekara da shekaru yana zirga-zirga tsakanin masu gaba. Da ya tsufa, ya zauna ya rubuta abin da ya gani. Littattafansa suna da yawa, amma biyu za mu ɗora bisa sikeli. Na farko ya fito a 1997, sunansa “Hanyar Masar zuwa Ƙudus”. Na biyu ya fito a 1999. A Faransanci sunansa “Shekaruna a gidan gilashi”, a Ingilishi kuwa ma'anar sunansa “Ba a kayar da ni ba”. Duka biyun akwai su da Ingilishi da Faransanci da Larabci.

Tun yanzu bari in faɗa maka hukuncina, in ya so ka bi ni ka ga ko na yi daidai. Littafin farko ya fi na biyu. A na farko mutumin yana ba da shaida bisa abin da ya gani. A na biyu yana kare kansa. Shaida daban, kare kai daban.

Wane ne shi?

An haifi Butros Gali a Alƙahira a 1922. Kirista ne daga cikin Kibɗawa, wato Kiristocin Masar na tun dā. Gidansu gidan mulki ne da dukiya. Kakansa, wanda ya ci sunansa, ya riƙe faraministan Masar daga 1908 zuwa 1910. A 1910 wani saurayi ya harbe shi har lahira, yana zarginsa da yi wa Turawan Ingila aiki. Ka riƙe wannan labari, don za mu dawo kansa.

Butros Gali ya yi karatun shari'a a Alƙahira, ya ƙaro a birnin Pari, inda ya sami digirin dakta a 1949. Daga nan ya koma gida yana koyar da dokokin da ke tsakanin ƙasashe a Jami'ar Alƙahira. Ya yi kusan shekara 30 yana malanta da rubuce-rubuce. Sai a watan Oktoba na 1977, yana da kusan shekara 55, shugaba Anwar Sadat ya naɗa shi ƙaramin minista. Bai yi wata guda a kujera ba, babban al'amari ya faɗo masa a ka.

Tafiyar da ta girgiza Larabawa

Kafin nan Masar da Isra'ila sun gwabza yaƙi sau huɗu: a 1948, da 1956, da 1967, da 1973. A yaƙin 1967 Isra'ila ta ƙwace Sinai, wani babban yanki na ƙasar Masar mai faɗin murabba'in kilomita wajen dubu 60. Ta kuma kama Gaza da Yammacin Kogin Urdun da gabashin Birnin Ƙudus, inda Falasɗinawa suke zaune. Ƙasashen Larabawa sun yi alkawari ba za su zauna da Isra'ila ba.

Ran 9 ga Nuwamba 1977 Sadat ya tsaya gaban majalisar ƙasarsa, ya ce a shirye yake ya tafi har majalisar Isra'ila don neman zaman lafiya. Mutane da yawa suka ɗauka magana ce kawai. Da aka ga da gaske yake, ministan harkokin wajensa, Isma'ila Fahmi, ya ajiye aiki. Aka ba Muhammad Riyad riƙo, shi ma ya ajiye nan take. Sai aka waiwayo wurin malamin jami'a. Butros Gali ya karɓa. Ran 19 ga Nuwamba ya shiga jirgi tare da Sadat. Da suka sauka, mota ɗaya aka sa shi da Moshe Dayan, janar mai ido ɗaya wanda ya jagoranci yaƙin 1967. Washegari ranar Babbar Salla ce. Sadat ya yi salla a masallacin Aƙsa, sannan ya yi jawabi a majalisar Isra'ila.

Yanzu ka tuna da kakan nan da aka harbe. Jikansa ya san abin da ke samun wanda aka kira maci amanar ƙasa. Kuma tsoron ba na banza ba ne. A watan Fabrairu na 1978 aka kashe marubuci Yusuf Siba'i a tsibirin Kubrus, shi ma yana cikin waɗanda suka raka Sadat. Shi kansa Sadat sojojinsa suka harbe shi ran 6 ga Oktoba 1981. Littafin farko labarin waɗannan shekaru huɗu ne, daga tafiyar Ƙudus zuwa mutuwar Sadat.

Kwana 13 a Kam Debid

Tsakiyar littafin ita ce zaman Kam Debid, wani gidan hutu na shugabannin Amurka a cikin daji bisa tsauni. Shugaba Jimi Kata ya kira Sadat da faraministan Isra'ila, Menahem Begin. Suka shiga ran 5 ga Satumba 1978, ba su fito ba sai ran 17. Aka hana ƴan jarida shiga, don kada wani ya yi magana saboda a ji shi a gida.

Ga abin mamaki. Bayan kwana uku aka ga in Sadat da Begin suka haɗu, faɗa kawai suke yi. Sai Kata ya raba su. Wajen kwana goma ba su sake zama don tattaunawa ido da ido ba, ko da yake ɗakunansu na kusa da juna. Amurkawa suka rubuta takarda guda. A kai wa wannan ya ce ga inda bai yarda ba, a gyara, a kai wa wancan. Haka aka yi ta gyara har sau 23. Dabarar ita ce, kowa yana sukar takarda, ba ya sukar abokin gabarsa. Kuma in ya sassauta, ga mai shiga tsakani ya sassauta, girmansa bai zube ba.

A ƙarshe aka sa hannu bisa takarda biyu. Ta ɗaya ta ce Isra'ila za ta mayar wa Masar Sinai, Masar kuma ta yi zaman lafiya da ita. Ta biyu ta ce za a ba Falasɗinawan Gaza da Yammacin Kogin Urdun ikon gudanar da wasu harkokinsu na shekara biyar, kafin a yanke makomarsu. Sabon ministan harkokin wajen Masar, Muhammad Ibrahim Kamil, ya ga takarda ta biyu ba ta da ƙarfi. Tun ba a bar Kam Debid ba ya ajiye aiki. Minista na uku ke nan cikin shekara guda. Butros Gali kuwa ya tsaya. Ran 26 ga Maris 1979 aka sa hannu bisa cikakkiyar yarjejeniya a Washinton.

Abin da ya sa wannan littafi ya yi kyau

Dalili na farko, daga littafin ajiyarsa ya ɗauko shi. Mutumin yana da al'adar rubuta abin da ya faru kowace rana. Saboda haka kana karantawa kana jin tsoro da shakka na wannan lokaci. Wanda ya rubuta abu da ɗuminsa ba ya iya cewa “ai dama na sani”.

Dalili na biyu, bai mai da kansa gwarzo ba. Ya nuna Sadat mutum ne da ba ya yawan shawara da ma'aikatansa. Ba ya son dogon bayani. Yakan yanke magana da Kata shi kaɗai, sai daga baya ministoci su ji. Butros Gali da abokan aikinsa suna ta auna kalma ɗaya ɗaya, suna tsoron abin da Larabawa za su ce, shugaba kuwa idonsa na kan Sinai. Marubucin bai ɓoye cewa sau da yawa ra'ayinsa bai ci ba. Mutumin da ya iya rubuta inda aka ƙi jin maganarsa, za ka fi yarda da shi in ya faɗi inda aka ji.

Dalili na uku, ya nuna wahalar da ke zuwa bayan sa hannu. A 1979 Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa ta dakatar da Masar, ta kwashe hedkwatarta daga Alƙahira zuwa Tunis. Masar ba ta koma ba sai 1989. Butros Gali ne aka riƙa aikawa birane da tarurruka don kada sauran duniya ma ta juya wa ƙasarsa baya. Ya je taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Monrobiya a 1979. Ya je taron ƙasashen ƴan ba-ruwanmu a Habana, babban birnin Kuba, a wannan shekara, inda aka so a kori Masar, amma ba a kore ta ba. Waɗannan babi suna koya maka cewa sa hannu ba shi ne ƙarshen sulhu ba. Bayan ka shirya da abokin gaba, sai ka koma ka fuskanci danginka.

Inda ya rage

Amma littafin bai cika goma ba. Ka sake duba waɗanda suka zauna a Kam Debid: Masar, Isra'ila, Amurka. Ina Falasɗinawa? Ba su nan. An rubuta takarda a kan gonakinsu da garuruwansu, ba kowa nasu a ɗakin. Ƙasar Urdun ma, wadda aka sa sunanta cikin takardar, ba ta zo ba.

Abin da ya biyo baya ya nuna bambancin takardun biyu. Ta Sinai ta yi aiki. A watan Afrilu na 1982 Isra'ila ta gama janyewa, har ta rushe garin Yamit da ta gina a can. Ɗan yankin Taba da ya rage ya koma hannun Masar a 1989. Tun 1973 ƙasashen biyu ba su sake yaƙi da juna ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Iyaye da yawa ba su binne ƴaƴansu ba saboda wannan takarda. Ta Falasɗinawa kuwa ta mutu a hanya. An fara zama a kanta a watan Mayu na 1979, da niyyar gamawa cikin shekara guda. Shekara ta cika ba a gama ba, daga baya zaman ya watse. Rigimar ta ci gaba, har ta kai ga mummunan yaƙin Gaza da ya ɓarke a Oktoba 2023.

Butros Gali bai ɓoye wannan ba. Ya nuna ya yi ta ƙoƙari a ɗaure takardun biyu wuri guda, kada ɗaya ta tafi ta bar ɗaya. Amma a ganina akwai tambayar da bai matsa wa kansa a kanta sosai ba. In mai ƙarfi a cikin dangi ya karɓi nasa kaso ya fita daga rigima, me zai tilasta a ba ƙaramin ɗan'uwa nasa? Ministoci uku sun amsa wannan tambaya da ajiye aiki. Shi ya amsa ta da zama, yana fatan gyara daga ciki. Fatan bai cika ba. Da ya ba hujjar waɗancan ukun fili mai faɗi, da littafin ya ƙara nauyi.

Gidan gilashi

Butros Gali ya ci gaba da zama ƙaramin ministan harkokin waje har 1991. A ƙarshen wannan shekara aka zaɓe shi babban magatakarda na Majalisar Ɗinkin Duniya. Ya kama aiki ran 1 ga Janairu 1992. Shi ne na shida a wannan kujera, kuma ɗan Afirka na farko, Balarabe na farko.

Bari in ɗan yi maka bayanin wannan majalisa. An kafa ta a 1945, bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Hedkwatarta na birnin Niyu Yok a Amurka, wani dogon bene mai bangon gilashi. Shi ne gidan gilashin da ke cikin sunan littafin. A cikinta akwai Kwamitin Sulhu mai ƙasashe 15. Biyar daga ciki kujerarsu ta dindindin ce: Amurka, Rasha, Sin, Ingila da Faransa. In ɗaya cikin biyar ɗin nan ta ce ba ta yarda ba, magana ta mutu, ko da sauran 14 sun yarda. Wannan shi ake kira hawan kujerar na-ƙi. Babban magatakarda ba shi da soja ko ɗaya na kansa. In ana son sojoji masu shuɗiyar hula, sai ya bi ƙasashe yana roƙo. Kuɗi ma haka.

A watan Yuni na 1992 ya fitar da wata ƴar takarda mai suna “Tsarin Zaman Lafiya”. Ba ta da tsawo, amma ni ina ganin ta fi sauran rubutunsa amfani. Ya kasa aikin sulhu kashi huɗu. Na ɗaya, a tari rigima tun ba ta zama yaƙi ba, don rigakafi ya fi magani. Na biyu, in an fara yaƙi, a jawo masu faɗa su zauna. Na uku, in sun tsagaita, a sa sojoji tsakani su tsare alkawari. Na huɗu, bayan yaƙi a gina zaman lafiya: a karɓe makamai, a tone nakiyoyi, a mai da ƴan gudun hijira gida, a shirya zaɓe. Wannan na huɗun, takardarsa ce ta sa ya zama magana a bakin duniya. Ya kuma roƙi ƙasashe su ware sojojin da za su zauna a shirye don kiran Majalisa. Wannan roƙo ba a biya shi ba.

A wasu wurare tsarin ya yi aiki. A Kambodiya an yi zaɓe a 1993. A Mozambik, bayan yaƙin basasa na shekara 15 da wani abu, an karɓe makamai, an yi zaɓe a 1994. Sojojin Majalisa da ba su wuce dubu 12 ba a farkon 1992 suka haura dubu 70 a 1993. Amma a wuri uku abu ya lalace ƙwarai: Somaliya, Bosniya da Ruwanda. Littafi na biyu labarin waɗannan shekaru biyar ne.

Inda yake da gaskiya

Ƙashin bayan littafin shi ne rigimarsa da Amurka, musamman da wakiliyarta Madalin Olbrait. Kuma a wurare da dama hujjarsa tana da ƙarfi.

Ga Somaliya. Ran 3 ga Oktoba 1993 aka kashe sojojin Amurka 18 a Mogadishu, tare da ɗaruruwan Somaliyawa. Sojojin nan ƙarƙashin kwamandojin Amurka suke, ba na Majalisa ba. Duk da haka ƴan siyasar Amurka suka ɗora wa Majalisa laifi.

Ga Bosniya, a Turai. Kwamitin Sulhu ya ce ya mai da wasu garuruwa shida tudun-mun-tsira. Masana aikin soja suka ce ana bukatar soja dubu 34 don tsare su. Kwamitin ya yarda da 7,600 kawai. A watan Yuli na 1995 sojojin Sabiyawa suka shiga ɗaya daga cikin garuruwan, Sirebirenika, suka kashe Musulmi maza da samari wajen dubu 8. An ba mutum gona, an hana shi hauya.

Ga kuɗi. A wannan lokaci bashin da Majalisa ke bin Amurka ya haura dalar Amurka miliyan dubu. Ga kuma Kana, wani ƙauye a Lubnan. A watan Afrilu na 1996 igwar Isra'ila ta faɗa wa sansanin Majalisa inda mutane suka fake, ta kashe sama da 100. Binciken Majalisa ya ce da wuya a ce kuskure ne. Amurka ba ta so a fitar da rahoton ba. Shi kuwa ya fitar.

Ran 19 ga Nuwamba 1996 aka jefa ƙuri'a a kan ƙara masa shekara biyar. Ƙasashe 14 suka yarda. Amurka ita kaɗai ta hau kujerar na-ƙi. Shi ke nan. Kofi Annan, mutumin Gana, ya gaje shi. Kafin shi ba a taɓa hana wani babban magatakarda zagaye na biyu ta wannan hanya ba. Duk mai son ya gane yadda ƙasa ɗaya ke rinjayar duniya, wannan babi ya ishe shi.

Inda littafin ya gaza

To, amma Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A nan ne nake da ƙorafi a kan littafi na biyu.

Ka fara da sunansa na Ingilishi: “Ba a kayar da ni ba”. Cikin shekarun da littafin ke ba da labari, an kashe mutane wajen dubu 800 a Ruwanda cikin kwana 100. Wanda ke riƙe da kujerar sulhu ta duniya a lokacin, shin faɗuwarsa ko rashin faɗuwarsa ce babbar magana?

Ga yadda abin ya faru. Ran 11 ga Janairu 1994 kwamandan sojojin Majalisa a Ruwanda, Janar Romeyo Daler ɗan Kanada, ya aika saƙo Niyu Yok. Ya ce ya sami labari ana ɓoye makamai, ana shirin hallaka ƴan ƙabilar Tutsi. Ya ce zai je ya kwashe makaman. Ofishin Majalisa ya hana shi. Wannan ofishi Kofi Annan ke shugabanta, kuma ƙarƙashin Butros Gali yake. Ran 6 ga Afrilu aka harbo jirgin shugaban Ruwanda, kisa ya fara. Aka riƙa sare Tutsi da adda, har da Hutun da suka ƙi yarda da kisan. A kwanakin farko babban magatakarda yana rangadi a Turai. Ran 21 ga Afrilu, ana tsakiyar yanka, Kwamitin Sulhu ya rage sojojin Majalisa daga wajen 2,500 zuwa 270.

A littafinsa ya ɗora nauyi mafi yawa bisa manyan ƙasashe, musamman Amurka, wadda bayan Somaliya ba ta son jin maganar aika soja Afirka. Wannan gaskiya ne. Gaskiya ne kuma a ƙarshen Afrilu ya nemi Kwamitin ya sake shawara, a watan Mayu ya fito fili ya kira abin kisan ƙare-dangi, ya yi ta roƙon ƙasashe su ba da soja. Amma ba ita ce dukan gaskiya ba. A ƙarshen 1999, shekarar da littafin ya fito, wani kwamitin bincike ƙarƙashin Ingbar Kalson, tsohon faraministan Suwidin, ya ba da rahoto. Ya ce Majalisa ce gaba ɗaya ta kāsa: Kwamitin Sulhu, da ƙasashe, da ma'aikata, da shi babban magatakarda. Bayanan da ofishinsa ya kai wa Kwamitin a makonnin farko sun fi nuna abin kamar yaƙin basasa ne da ya dawo, alhali kuwa shiri ne na ƙare wata ƙabila. Mai shiga tsakani ba shi da soja, mun yarda. Amma yana da baki. In bakin ya makara, me ya rage masa?

Akwai kuma wani abu. A watan Oktoba na 1990, yana ministan Masar, ya taimaka aka ƙulla cinikin makamai na kusan dalar Amurka miliyan 6 tsakanin ƙasarsa da gwamnatin Ruwanda. Ba daga bakinsa duniya ta fara jin wannan ba. Wata ƴar jarida ta Ingila, Linda Melban, ce ta tono shi cikin littafinta na shekarar 2000. Da aka tambaye shi bai musa ba. Ba na cewa ya san abin da zai faru bayan shekara huɗu. Amma mai ba da shaida a kan Ruwanda, ya kamata shi ya fara faɗin wannan da kansa.

A Somaliya ma akwai irin haka. Wakilinsa a can, Muhammad Sahnun ɗan Aljeriya, mutum ne da ya san zama da dattawan ƙabilu, kuma Somaliyawa sun yarda da shi. Suka saɓa da shugabansa, ya ajiye aiki a Oktoba 1992. Shi kuwa Butros Gali, madugun ƴan tawaye Janar Aidid bai taɓa yarda da shi ba, don yana ganin Masar ta goyi bayan tsohon shugaba Siyad Bare. Mai sulhun da ɓangare ɗaya ke zargi, rabin aikinsa ya riga ya lalace.

A shekarunsa na baya ya sha faɗi cewa Ruwanda ce babbar gazawarsa. Wannan magana ta fi sunan littafinsa daraja.

Ƙarshen tafiya

Bayan ya bar Niyu Yok, a 1997 aka zaɓe shi babban magatakarda na farko na ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci. Ya riƙe ta har 2002. Tushen wannan ƙungiya a Yamai aka kafa shi, ran 20 ga Maris 1970, lokacin da ƙasashe 21 suka sa hannu, bisa ƙoƙarin shugaba Jori Hamani da Sengor na Senegal da Burgiba na Tunisiya. Nijar ta sanar da fitarta daga ƙungiyar a 2025. Butros Gali ya rasu a Alƙahira ran 16 ga Fabrairu 2016, yana da shekara 93.

Hukunci

In ka sami wanda zai karanta maka ɗaya cikin littattafan nan ya fassara, ka zaɓi na farko. A ciki za ka ga yadda ake ɗinke ɓaraka kalma bayan kalma, da abin da ake samu, da wanda ake bari a baya. Na biyu ma yana da amfani, amma ka saurare shi yadda alƙali ke sauraron mai ƙara. Ka ji ta bakinsa, ka yarda da abin da ya kawo hujja a kansa, sannan ka nemi ta bakin sauran. Janar Daler ya rubuta nasa littafi a kan Ruwanda a 2003. Muhammad Sahnun ya rubuta nasa a kan Somaliya a 1994. Ministan nan Muhammad Ibrahim Kamil ma ya rubuta nasa a kan Kam Debid. Kowa da inda ya tsaya ya kalli abin.

Tambaya uku nake so ka riƙe duk lokacin da ka ji a rediyo an ce an sa hannu bisa yarjejeniyar zaman lafiya. Wa ya zauna a ɗakin, wa aka bari a waje? Wa zai ba da soja da kuɗin tsare alkawari? Kuma wa ke ba mu labarin, mai shaida ne ko mai kare kansa? Rayuwar Butros Gali ta nuna abin da ke faruwa in an amsa su da kyau, kamar a Sinai da Mozambik. Ta kuma nuna abin da ke faruwa in an kauce musu, kamar a Gaza da Ruwanda.